Ina Sauran Maganar?

Ƴan'uwana ɗalibai, tambayar da nake so mu tauna tare a wannan ɗan littafi namu ita ce: idan likita ya hango abin da cuta ke iya yi wa mutum nan gaba, wa ke da wannan hange? Likitan ne, ko dangi, ko kuwa shi mai ciwon? Ba a aji na samo tambayar nan ba. A ɗakin likita ta same ni, ina zaune tsakanin mutum biyu da ba su jin harshen juna, kuma in gaya muku gaskiya, ranar ban yi abin kirki ba.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce, shekarunta 38, makitsiya ce a unguwarmu a Maradi. Abin ya fara mata ne da hunturu. In ta sa hannu cikin ruwan randa da asuba, sai yatsunta su yi toka-toka su mace, in jini ya dawo kuma su kama zogi. Aka ce sanyi ne. Daga nan hannayen suka kumbura, fatar ta ɗaure tana ƙyalli, ko mintsininta ba a iya yi. Yatsu suka fara lanƙwashewa, tsinken kitso yana kuɓuce mata. Baki ya tsuke har loma ta ƙanƙance, ƙwannafi kuwa kowane dare. Fatar goshi da ta ƙirji ta yi dabbare-dabbare kamar an barbaɗa gishiri. Wasu suka ce kuturta ce, wasu suka ce sammu. An sha saiwa, an sha rubutu, an yi turare, shekara ɗaya da rabi. Sai da ɗaukar bokitin ruwa daga famfo zuwa gida ya fara sa ta haki, sannan Kawu, yayansu, ya ɗauko ta ya kawo ta Yamai, inda nake shekara ta uku ta karatun kimiyyar harshe a jami'a.

Likitan da muka samu mutumin kirki ne, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Inna kuwa ba ta taɓa shiga lekol ba. Kawu yana tsintar nasaranci kaɗan-kaɗan. Ni ke nan na zama tafinta.

Sunan cutar da ya faɗa shi ne sikilerodermi. Kawu ya ji kamar an ce sikila, sai da na ce masa a'a, ba su da dangantaka ko ta kusa ko ta nesa. Kalmar daga Girkanci take, gaɓa biyu: tauri da fata. Ni nakan ce mata ciwon taurin fata, ko da yake sunan ya gaza, domin ba a fata kaɗai take tsayawa ba. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta juya kan mai ita, ƙananan jijiyoyin jini su ƙuntata, jiki ya dinga saƙa tabo a inda ba a ji rauni ba: a fata, a maƙoshi, a huhu, a zuciya, wani lokaci abin ya faɗa kan ƙoda. Ba a ɗaukarta daga wani. Ba ta da yawa cikin jama'a, kuma ta fi kama mata nesa ba kusa ba. Macewar yatsun nan da sanyi, wani likitan Faransa mai suna Maurice Raynaud ne ya bayyana ta a 1862, har yau da sunansa ake kiranta. A baƙar fata irin tamu canjin launin ba ya fitowa sosai, shi ya sa alamar farko takan wuce ba a kula ba.

Abin da ya sa likitoci suka damu da hasashe a cutar nan shi ne ba ta tafiya iri ɗaya. Wani zai yi shekara talatin da ita, yatsu ne kawai ke damunsa. Wani kuma cikin shekara biyu ta cinye masa huhu. Dole ke nan a nemi hanyar gane wane ne wane tun da wuri, kuma suna da alamun da suke karantawa.

Na farko, ina taurin ya tsaya? In bai wuce gwiwar hannu da gwiwar ƙafa ba, ban da fuska, wannan shi ne nau'i mai iyaka, yakan tafi a hankali. In ya haura zuwa damtse da cinya da ƙirji da ciki, wannan mai yaɗuwa ne, shi ne mai gaggawa a shekarun farko. Likita yakan mintsini fata a wuri 17 na jiki, ya ba kowane wuri maki daga 0 zuwa 3, jimla mafi yawa 51. Na ga ya yi wa Inna haka, yana rubutawa kamar mushe mai gyaran jarrabawa. Na biyu, jini. Akwai wasu sinadaran garkuwa da ake nema, kowane da inda ya fi nunawa. Wanda ake kira santiromer ya fi zuwa da nau'i mai iyaka, amma daga baya yana iya kawo hawan jini a jijiyar huhu. Wanda ake kira Scl-70 ya fi nuna tabon huhu. Wanda ake kira RNA polimeraz III kuwa ya fi nuna haɗarin ƙoda. Na uku, huhun kansa: a busa iska cikin na'ura a ga nawa yake ɗauka, a yi hoton sikana a ga faɗin tabon. Wasu likitoci a Landan sun nuna a 2008 cewa in tabon ya wuce kashi 20 cikin 100 na huhu, haɗarin mutuwa yana ƙaruwa sosai. Sannan a haɗa da shekarun mutum, da ko namiji ne, domin maza sun fi ƙaranci a cutar amma ta fi yi musu tsanani, da ƙarancin jini, da furotin a fitsari, da halin zuciya.

Duk wannan daga baya na karanta shi. A ranar, abin da na sani shi ne abin da Kawu ya ce mini a bakin ƙofa kafin mu shiga. Ya ja ni gefe ya ce, “Ke ɗiyar nan, duk abin da ya hwaɗi mai nauyi, ki bar shi nan gare ki. Kar ki kashe mini ƙanwa da baki.”

Likita ya yi magana mai tsawo. Ya ce nau'in Inna mai yaɗuwa ne, jininta ya nuna Scl-70, huhu ya fara tabo. Ya ce ba a da maganin da ke kawar da cutar, amma akwai masu rage mata gudu. Ya ce shekaru huɗu zuwa biyar na farko su ne masu haɗari, musamman ga huhu da ƙoda, don haka dole a dinga awon tansiyo a kai a kai, kuma ranar da ya hau farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani ya zo, ko fitsari ya ragu, ba a kwana a gida. Ya gama, ya dube ni, ya ce in fassara.

Na juya na ce, “Inna, ya ce ciwon fata ne. Za a ba ki magani, za ki warke in sha Allah.”

Kawu ya gyaɗa kai. Inna ta ce, “To, Allah shi sa.” Muka karɓi ordonansi muka fito.

Da dare muna kwance a tabarma, na zaci ta yi barci, sai na ji muryarta cikin duhu. “Ɗiyata, mutumen nan ya yi magana har ya sha ruwa. Ke kuma loma guda kika ba ni. Ina sauran?”

Na ce ai nasaranci ne, haka yake da yawan zance. Ba ta ce komai ba, ta juya ta fuskanci bango.

Daren nan ban runtsa ba. Na ɗauki waya na shiga intanet, na faɗa cikin lambobi. Wanda ya fi tsaya mini shi ne binciken wasu likitoci biyu na Amurka, Virginia Steen da Thomas Medsger, a kan marasa lafiyar birnin Pittsburgh, da suka fitar a 2007. Sun duba marasa lafiyarsu daga 1972 zuwa 2002. A farkon lokacin, cikin mutum 100 masu cutar, 54 ne ke kai shekara 10. A ƙarshensa sun zama 66. Cikin waɗanda cutar ta yi ajalinsu, rabon ƙoda ya sauko daga kashi 42 zuwa 6, na tabon huhu kuwa ya tashi daga kashi 6 zuwa 33. Na dubi lambar nan ta 66, na dubi bayan Inna. Yanzu ina riƙe da abu biyu da ita ba ta da su: maganar likita da lambar waya. Mi zan yi da su?

Ban ɗauki Kawu azzalumi ba, kuma ba na so ku ɗauke shi haka. Shi ya sayar da raguna biyu ya biya kuɗin mota da analiz. Da muka yi gardama daga baya, hujja uku ya kawo, kuma kowace tana da nauyinta.

Ta farko, ya ce sanin gobe sai Allah, wanda ya ce ya san ranar wani ya shiga hurumin da ba nasa ba. A nan na lura da wani abu a harshenmu. Mukan ce likita ya duba ta, mukan kuma ce an je wajen mai duba. Kalma ɗaya ce, aiki biyu. Ina jin shi ya sa da zarar likita ya fara zancen nan gaba, kunnenmu ke jin kamar ya baza ƙasa a faifai. Amma mai duba cewa yake ya ga abin da ke ɓoye game da kai, kai ɗaya. Likita ba haka ya ce ba. Cewa ya yi, an ƙirga mutane da yawa da suka zo da irin alamunki, ga abin da ya samu mafi yawansu. Bai leƙa gaba ba, baya ya waiwaya. A nan Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda ke cikin masu fitar da hasashen damina kowace shekara, su ce bana an fi sa ran ruwa ya wuce yadda aka saba, ko ya gaza. Kawu da kansa yana sauraron wannan a rediyo kafin ya zaɓi irin geron da zai shuka, kuma bai taɓa cewa sun yi shisshigi ba. Tsohon da ya dubi gabas ya ce hadarin nan na ruwa ne, a kwashe shanya, ba wanda ke ce masa boka. In ruwan bai zo ba, ba ƙarya ya yi ba. In ya zo kuma, ba shi ya saukar da shi ba. Ajali na mai shi ne, wannan ba gardama. Amma ba mu taɓa fahimtar hakan da cewa a bar shanya a waje ba.

Ta biyu, ya ce tsoro yana kisa kafin ciwo. Wannan ita ce mai ƙarfi, don ni ma na san mutanen da aka faɗa wa magana babu tausasawa suka daina cin abinci. Amma tambayar da na yi wa kaina ita ce: da na ɓoye, tsoron na cire wa Inna? Jiki magayi. Mace ce da ta ga hannunta ya zama kamar itace, ta ji numfashinta yana gajarta, ta ga likita yana magana fuskarsa ba walwala, ta ga ɗiyarta ta kasa haɗa ido da ita. Tsoron yana nan tun kafin mu shiga ɗakin. Abin da na yi kawai shi ne na bar ta da shi ita kaɗai, na kuma rufe mata ƙofar tambaya. Tana yi mana kara tana nuna ta yarda, mu muna yi mata kara muna nuna ba komai. Gida guda, kowa yana ɓoye wa kowa abin da kowa ya sani.

Duk da haka akwai gaskiya a gefen Kawu da ba zan tsallake ba. Akwai mai ciwon da ba ya son ji, kuma haƙƙinsa ne. In mutum ya ce, ku faɗa wa yayana, ni ku bar ni, to ɗora masa maganar dole zalunci ne, ko da gaskiya ce. Kuma mu ba mutanen da ke jinya su kaɗai ba ne. Ciwon mutum ɗaya na gida ne duka, kuɗin ma na gida ne. Ban ga laifin a fara zama da manya ba, a shawarta wa zai faɗa, da yaushe, da wane lafazi. Inda na rabu da Kawu shi ne nan: akwai bambanci tsakanin mutum ya ce kar a faɗa mini, da a yanke masa hakan a bakin ƙofa ba a tambaye shi ba. Inna ta tambaya. Da bakinta ta ce ina sauran. Daga wannan lokaci maganar ta zama ajiya a hannuna, kuma mun san sunan wanda aka ba ajiya mai ita ya zo nema ya ce babu.

Ta uku, ya ce lambobin nan na nasara ne, an ƙirga su a ƙasarsu, da asibitinsu da abincinsu. A nan kam na ba shi gaskiya fiye da yadda ya zata. Mutanen Pittsburgh ba mutanen Maradi ba ne. A Amurkar ma an lura cewa baƙar fata sukan kamu da cutar da ƙuruciya, kuma huhunsu ya fi shan wuya. Mu nan ga nisan likita, ga tsadar magani, ga zuwa a makare. Sannan akwai wani abu da ban taɓa tunaninsa ba sai daren nan: duk lambar da ta ce kaza ne ke kai shekara 10, dole labarin waɗanda suka kamu shekara 10 da suka wuce ne ko fiye, da maganin wancan zamani. Kafin a samu maganin hawan jini irin su kaptopiril a ƙarshen shekarun 1970, wanda ƙodarsa ta rikice a cutar nan da wuya ya ga baɗi. Da maganin ya zo, mafi yawa suka fara tsallakewa in an kama abin da wuri. Wanda ya karanta lambar 1975 a 1985 ya karanta tsohon labari. Bayan 2002 ma an samu magungunan huhu da ba su cikin waccan ƙirga.

Wani masanin halittu na Amurka, Stephen Jay Gould, ya gamu da wannan a kansa. A 1982 aka ce yana da wata irin kansa, ya je ya duba littattafai ya ga matsakaicin rayuwa wata 8. Da yake ya san lissafi, sai ya tsaya ya tambayi abin da lambar ke nufi. Nufinta, rabin mutane ba su kai wata 8 ba, rabi sun wuce, kuma cikin waɗanda suka wuce akwai masu yin nisa ƙwarai. Ya ƙara shekara 20, wata cuta dabam ce ta ɗauke shi a 2002. Ba ina cewa kowa Gould ba ne, rabin farko ma mutane ne, da ƴaƴansu. Abin da nake cewa shi ne lambar tana faɗar gaskiya game da taro, amma ba ta san wane ne zai tsaya a ina cikin taron ba. Mace ɗaya ba ta rayuwa kashi 66 cikin 100.

Sai dai hujjar Kawu ta uku ba ta kai shi inda yake so ba. Ta hana ni in ce wa Inna saura miki shekara kaza. Ba ta ba ni izinin in ce mata ba komai ba. Ƙarya biyu ce ke jiran tafinta, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ta farko ita ce wadda na yi, ta share haɗari gaba ɗaya. Ta biyu ita ce wadda na kusa yi da wayar nan a hannuna, in ɗauki lissafin taro in mayar da shi hukuncin mutum ɗaya. Ta farko takan fito daga tausayi, ta biyu daga jin kai ya yi boko. Dukansu abu ɗaya suke yi: su ɗauki mai yiwuwa su mayar da shi tabbas.

A nan ne karatuna ya kunyata ni. A aji mun koyi cewa Hausa na da hanya biyu ta zancen abin da bai zo ba. Akwai ta za: zan zo, za ki ji sauƙi. Akwai kuma wadda masana ke kira ta yiwuwa: na zo, kya ji sauƙi, ma gani. Ta biyun ba ta ɗaure mai magana, tana barin ƙofa a buɗe. Har ma a rubuce ba a bambanta na zo ta gobe da na zo ta jiya, sai karin murya ya raba su. Ban da wannan muna da kan, da iya, da galibi, da wataƙila, da ta yiwu, da an fi sa rai, da ana jin tsoron kada. Likita bai yi amfani da tabbas ko sau ɗaya ba, duk maganarsa haɗari ce da yiwuwa. Ni ce na zo na sa za. Na kuma liƙa in sha Allah a ƙarshe, ba don in mayar da al'amari ga mai shi ba, sai don in rufe zancen. Mun saba cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya, shi ya sa muke gajarta wa iyayenmu magana. Sunan sinadari kam babu, ana iya aro. Amma na faɗar abin da ake tsoro ba tare da an yanke ba, harshenmu cike yake da kayan aiki. Ba harshe ne ya gaza ranar ba, ni ce.

Washegari bayan la'asar na zauna kusa da ita. Na ce, “Inna, jiya na rage miki magana. Kina so in ba ki duka, ko kuwa in ba Kawu ya riƙe miki?” Ta ce, “Jikin wa ne? Hwaɗa mini.”

Na ce mata ciwon ba ya warkewa ɗungurungum, amma ana iya rage masa gudu. Na ce ya taɓa huhu, shi ne hakin nan. Na ce shekarun farko su ne na tsoro, kuma akwai masu irin nata da yawa da suka tsallake su suka yi shekaru, fatar ma takan yi laushi daga baya. Akwai kuma waɗanda ba su tsallake ba. Na ce likita bai san a cikin waɗanne take ba, ba wanda ya sani, amma ya san abubuwan da ke tura mutum wannan gefe ko wancan, kuma wasunsu a hannunmu suke. Ban ba ta lamba ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta yi kuka, ni ma na yi. Sannan ta share ido da bayan hannu, ta ce, “Kin ce ƙoda. Miƙo mini jakata.”

Ta kwance wani ƙullin leda, ga ƴan ƙananan ƙwayoyi farare. Wajen mai tallan magani take saye, wata shida ke nan, biyu ko uku a rana, domin su kaɗai ke sassauta mata ciwon gaɓoɓi. Da likita ya tambaya ran farko ko tana shan wani magani, cewa ta yi a'a, don a ganinta ciwon fata ne ake zance, mi ya haɗa shi da maganin gaɓoɓi? Muka kai masa. Ya duba, ya ɗora hannu a ka. Kortikoyid ne, kuma a irin nau'inta, shan shi da yawa yana cikin abubuwan da aka sani suna jawo rikicewar ƙoda. Ya ce kada a yanke shi farat ɗaya, ya tsara mata yadda za a rage a hankali.

Ku duba nan. Da na tsaya a kan za ki warke, ledar nan tana cikin jaka har yau. Ba ni na sani ba, ba Kawu ba, ba likita ba. Ita kaɗai ke riƙe da rabin labarin, kuma ba za ta san yana da muhimmanci ba sai an ba ta ɗaya rabin. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma sai an gaya masa hadari na tafe zai tashi ya nuna wurin. Wannan ne ya sa nake ganin hasashen likita ba a yi shi don a sanar da mutum ranarsa ba. An yi shi ne don a san inda za a sa ido, kuma babu idon da ya fi na mai jikin kusa.

Akwai kuma abin da ba na magani ba. Paul Klee, mai zanen nan da aka haifa a Suwizalan, cutar nan ce ta kama shi a 1935, ta yi ajalinsa a 1940. A 1939, yana cikin ciwon, ya yi zane fiye da 1,200. Babu awon huhu ko na jini da zai faɗi wannan. Inna ba ta san Klee ba, amma da ta koma Maradi ta zaunar da babbar ɗiyarta ta fara koya mata kitso da gaske, tana nuni da baki inda yatsa ya ƙi. Ta karɓi kwasar adashinta ta sayi na'urar awon tansiyo, ɗanta na lise yana rubuta lambobin a kaye. Ta biya wani bashi da ba wanda ya san da shi a gidan. Waɗannan shawarwari nata ne, kuma da na ci gaba da ɓoyewa, da na ƙwace mata su ba ta ma san an ƙwace ba.

Kawu ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Har yanzu yana ganin na yi rashin kunya, na tsallake maganar babba. Ban ce ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Ya kamata in koma wajensa tukuna in ce, Kawu, ta tambaya, zo mu faɗa mata tare. Wannan kuskurena ne na biyu, kuma na ba shi haƙuri a kansa. A kan faɗar kuwa ban ba shi ba.

Na rubuta wannan ne don yawancinmu da ke karanta littafin nan mu ne ƴan bokon gidajenmu. Yau ko gobe za a ce tashi ka raka wane likita, kai ke jin nasaranci. Ba wanda zai koya maka aikin, ba wanda zai duba abin da ka faɗa. Shawarata kaɗan ce. Kafin ku shiga, tambayi mai ciwon nawa yake son ji, kuma wa yake so ya zauna kusa. In likita ya yi tsawo, tsayar da shi ka fassara gaɓa-gaɓa, kar ka tara. Inda ya ce yana iya, kai ma ka ce yana iya. In ya faɗi lamba, tambaye shi a ina aka ƙirga ta, da yaushe. Kuma kar ku fito sai ka tambayi abin da za a sa wa ido a gida, da alamar da ba a kwana da ita.

A lokacin da nake rubutun nan Inna tana shekara ta uku da ciwon. Hakin bai tafi ba, yatsun ba su miƙe ba, tansiyo dai yana zaune. Wata mai zuwa za ta dawo Yamai awon huhu, ni ce zan raka ta, kuma Kawu ya ce wannan karon zai shiga ɗakin ya zauna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ikon riƙe amana.